Yadi Dubu a Casper

Asabar da sassafe, can bayan garin Casper,
mu tara muka kwanta rubda ciki
kamar masu neman allura a cikin ciyawa.
Ni mai haɗa magani ne a asibiti,
na saba da awon da ba ya karɓar ƙari ko ragi,
don haka na zo da girman kaina a aljihu.

Malamarmu Darlene Kolb, tsohuwa mai ɗingishi,
ta nuna wani farantin ƙarfe a gindin tsauni,
fari, bai kai ƙwayar gero ba a ido.
Ta ce, "Yadi dubu ke nan.
Kada wanda ya taɓa kunama tukuna.
Ku kalli ciyawa."

Awa guda muna kallon ciyawa.
Ta kusa da ni ta sunkuya gabas,
ta tsakiyar fili ta tsaya ƙyam,
ta can nesa kuwa yamma ta nufa.
Ashe iskar da ke shafa kumatuna
ba ita ce za ta tari harsashina a hanya ba.

Na harba. Ƙura ta tashi a hagu.
Teo Archuleta, mai gyaran rufi, abokin kwanciyata,
ido a madubi, ya ce, "Taku biyu, kuma ƙasa."
Na gyara da sauri, na zarce dama.
Na sake gyarawa, na koma inda na fito.
Sau bakwai ina bin sawun kuskurena
kamar akuya mai zagaya turke.

Na ce madubin ne. Na ce harsashin ne.
Darlene ta ajiye kofinta, ta kwanta a gurbina,
harbi ɗaya, farantin ya yi rawa.
Ta tashi tana kakkaɓe gwiwa:
"Bindigarka lafiyarta lau.
Kai ne ka riƙe ta kamar kana bin ta bashi."

Da rana kawalwalniya ta cika madubi,
farantin yana iyo a ruwan da babu shi.
Na ga bugun zuciyata yana ɗaga saiti,
sama, ƙasa, sama.
Shekara hamsin da biyu ina ɗauke da ita,
ban taɓa ganin aikinta da ido ba sai ranar.

Ta ce harsashi tun daga bakin bindiga yake fara faɗuwa,
mai nufin nesa sai ya ɗaga sama da abin da yake so.
Ta ce a rubuta kowane harbi da fensir,
har wanda ya ba da kunya,
shi ma ya fi koyarwa.
Ta ce tsakanin fitar numfashi da dawowarsa
akwai wani ɗan ɗaki shiru,
a nan ake matsa kunama, a hankali,
kamar mai rufe ƙofa jariri na barci.

Lahadi, dab da la'asar, na sami ɗakin.
Na matsa. Kafaɗata ta karɓa.
Shiru.
Na ƙirga ɗaya, biyu, uku, har na fara cire rai,
sai ga ƙarar ta iso daga tsauni,
siririya, kamar cokali ya taɓa tasa a maƙwabta.
Ashe tun ɗazu na samu,
labarin ne ya daɗe a hanya.

A mota na tuna ɗana Zubairu da ke karatu a Laramie.
Wata biyu ke nan da na harba masa magana
ban dubi ciyawar da ke gabansa ba.
Na tsaya a gefen titi, na saki numfashi,
na rubuta masa layi biyu, na aika.
Ban bi shi da na biyu ba.

Wayar tana kan kujera, fuska sama.
Ina tuƙi, ina ƙirgawa.